Kaset a Gaban Kwamiti

Ranar da aka raba takardun gwajin farko, kowa ya karɓi tasa ban da Kaset. Tata na hannun malamin, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro a bayan idonsa, don in takardarka ta bi ta hannunsa sai ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Ya gyara tabarau, ya jawo lasifika kusa da bakinsa, ya kira lambarta a zauren da ke cike da mutum ɗari uku da 'yan kai.

Kaset ta miƙe, har da ɗan gyara mayafi da ɗan murmushi. Ita tun daga firamare in malami ya riƙe takardarta ya ce ta tashi, to tafi ne zai biyo baya.

Ya fara karantawa. Jimla na bin jimla, sumul, ba gargada. Zaure ya yi tsit, na kusa da ita suna ɗaga kai suna kallon wannan 'yar siririya mai takalmin roba da ta iya zuba magana haka. Sai ya zo wani wuri ya rage murya, ya karanta a hankali: "Domin ƙarin bayani, duba hoto na uku a shafi na gaba."

Ya juya takardar. Ya sake juyawa. Ya ɗaga ta sama yana dubawa a hasken fitila, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"'Yata, ina hoton?"

Dariya ta taso daga kujerun baya ta gangaro har gaba.

"Ko kin bar shi a cikin littafin da kika shigo da shi?"

Shafi shida ta rubuta, kuma shafi shidan nan, in ji shi, ba su bambanta da babi na huɗu na littafin darasi ba ko da waƙafi ɗaya. "Ni na rubuta littafin nan," ya ce, "ni kaina ba zan iya zubo shi haka da ka ba. Duk wanda ya yi wannan aikin, littafin na kan cinyarsa. Zauna. Kwamitin ladabtarwa zai neme ki."

Ta koma za ta zauna. Kujerun zauren irin waɗanda ke naɗe kansu ne da zarar mutum ya tashi, ita kuwa ta manta. Sai ga ta a ƙasa tim, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya gangara matakala biyu. Wani ɗan arziki ya ɗauko ya miƙo mata, ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba ta ma ji zafin faɗuwar ba. Hukuncin satar amsa a kwalejin nan guda ɗaya ne, kuma an karanta musu shi tun ranar rajista: kora.

Mu 'yan layinsu mun san yarinyar nan ba ta saci komai ba. Ciwonta ɗaya ne, ba ta iya mantuwa.

Babanta mai wanki da guga ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin layi, tsakanin mai aski da mai gyaran keke: tebur da aka shimfiɗa wa bargon da ya ƙone a wuri biyu, dutsen guga na gawayi guda biyu, na lantarki guda ɗaya da ke zaman jiran wuta, sai igiyoyi uku a bayan gida. Baba ba ya karatu, ba ya rubutu. Kafin a haife ta, zare yake ɗaura wa kayan mutane, ja na wane, kore na wane, kuma duk da haka ya taɓa ba wani dogon ɗan sanda wandon mai kemis, mutumin da in ya tsaya a bayan kantarsa hularsa kawai ake gani. Ɗan sandan ya dawo da wandon a hannu, ya ce shi bai kawo gajeren wando wanki ba.

Tun tana shekara shida aka daina ɗaura zare. Mutum ya zo karɓar kaya, Baba zai waiga kawai, ita kuma daga inda take zaune tana jan lallausan bargo da tafin hannu za ta ce, "Shuɗiyar riga mai maɓalli huɗu, na ukun ya tsage. Ranar Talata ya kawo, ya ce kada a sa sitati." In mutum ya nuna rigar da ba tasa ba, komai girmansa, bakinta ba ya jiran izini. "Ba taka ba ce. Taka tana da tabon shayi a hannun hagu."

Sunan kuwa mai aski ne ya jawo wa kansa. Wata rana yana wasa aska, ya ce kan mai gidan hayarmu kamar an kifa tukunya, kafin ka gama gefe ɗaya ɗayan ya sake tsirowa. Yarinya na wasa a bakin ƙofa. Kwana uku bayan nan mai gida ya zo karɓar guga, ta dube shi ta maimaita masa maganar daga farko har ƙarshe, da muryar mai aski, har da ɗan tarin da ya yi a tsakiya. Wata biyu mai gida yana zuwa aski wata unguwa. Daga ranar, in ta doso inda manya ke hira sai wani ya ce, "Ku yi shiru, Kaset na ɗauka."

A makaranta abin ya yi mata rana. Malami ya rubuta a allo, ita ta mayar masa da abinsa yadda ya ba ta, ya duba ya ga maganarsa ce, ya ji daɗi, ya ba ta maki. Shekara goma sha biyu tana zuwa ta ɗaya a haka. Ba wanda ya taɓa tsayar da ita ya ce ke me kike gani. Da sunanta ya fito a kwalejin horon malamai, Baba ya goge kayan mutum uku kyauta, Innarta kuma ta bi gida-gida tana faɗa wa mutanen da suka riga suka ji.

Kwalejin na can ɗaya ƙarshen gari, sai an hau mota biyu. Tun ranar farko tsoro ya riga ta shiga. Gine-ginen duk kama ɗaya, ƙofofin duk kama ɗaya, kowa na sauri kamar shi kaɗai aka gaya wa inda ake zuwa. Ta shiga wani zaure ta zauna, ta cika shafi tara da rubutu kafin ta gane lakcar 'yan shekarar ƙarshe ce. Ba ta fita ba. Ƙofar na can gaba kusa da malami, ita kuwa gara ta zauna awa biyu a darasin da ba nata ba da a ce ta ratsa gaban mutane.

Tana tsoron mai gadin ɗakin karatu da ke juya katin shaidarta kamar na jabu ne. Tana tsoron 'yan matan da ke kiran malamai da laƙabi da ƙarfi ba sa ko waigawa. Amma abin da ya fi kaɗa mata hanji shi ne yadda malaman nan ke tsayawa tsakiyar bayani, su ajiye alli, su ce, "To, a ganinku fa?" Ta duba littafi, babu shafin da aka rubuta ganinta. Sai ta samo dabara. Akwai wani ƙaton ɗalibi mai faɗin baya kamar ƙofar gareji, kullum sai ta jira ya zauna sannan ta zauna a bayansa. Ranar da bai zo ba, kanta a sunkuye take wuni.

Sai allon sanarwa. Yana bakin ofishin shugaban sashe, da gilashi da kwaɗo, kuma a kusurwarsa ta sama akwai hotunan waɗanda aka kora bara, mutum bakwai. Rana ta cinye hotunan, fuskokin sun yi fari, idanuwan kawai suka rage. Da farko zagayawa take ta bayan banɗaki don kada ta gan su. Bayan ranar Jan Biro kuwa, can take fara zuwa kowace safiya, ta tsaya nesa kaɗan, ta duba ko sun zama takwas.

Kwana goma sha biyu ta yi a haka. A gida ba ta ce komai ba. Ta ci loma biyu ta ture kwano, Inna ta taɓa goshinta ta ce karatun manya ne ke cin yarinya. A mota ta riƙa lissafa fuskokin da za su ji labari: mai kemis, mai gyaran keke, matar mai gida da ta ce tun farko 'yar mai wanki ina ita ina kwaleji. A zaure kuwa an sauya mata suna. Ta wuce, wani ya ce a hankali, "Hoto na uku," wani ya amsa, "Shafi na gaba." Ƙaton da take ɓuya a bayansa ma ya waigo wata rana ya dube ta da tausayi, ta ji gara da dariya ya yi.

Rana ta goma sha uku sakataren sashe ya kira ta ya ba ta takarda a ambulan, ya sa ta sa hannu a wani babban littafi. Ta karanta sau ɗaya a tsaye, kuma sau ɗaya ya isa. Ta ninke ta huɗu ta cusa a aljihun siket.

A nan ta yi wauta. 'Yar mai wanki ce, ta san abin da ubanta ke fara yi wa kowane tufa kafin ya taɓa ruwa. Shekara talatin yana laluben aljihun mutane, ya fito da makullai, da ƙwayoyin magani, da wasiƙun da matan aure ba su kamata su gani ba. Washegari da hantsi, tana makaranta, ya zaro takardar. Ya ga hatimi, ya ga tambarin kwaleji, ya goge hannu a riga ya shiga shagon mai aski da fara'arsa.

"Duba mini nan. Ina jin wata lambar yabo ce kuma, yarinyar nan ba ta faɗa."

Mai aski yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, mutum huɗu na jiran layi a benci. Shi kuma bai iya karatun zuci ba, sai da baki. Ya kai layi na uku kafin ya gane inda maganar ta dosa, lokacin kuwa har mai gyaran keke ya leƙo.

Da ta dawo da la'asar, tun daga bakin layi ta san an sani, don ba wanda ya tsokane ta. Baba na tsaye a bakin tebur, dutsen guga na huci a gefe, bai ɗora shi a kan komai ba.

"Kin shiga da littafin?"

"A'a, Baba."

"To me kika yi?"

"Abin da na saba."

Baba ya ce, "Ranar Litinin, in ji takardar. In sun ce ki karanto musu, za ki iya?"

"Zan iya."

Mai aski, wanda kunnensa ke manne da bango, ya shigo ya ce magana ba a baki take ba, a gwada. Shi ya taɓa zuwa kotu shaida, ya san yadda manya ke zama. Kafin a ce wani abu ya sa an fito da benci, ya zauna a tsakiya ya ɗora tabaran wani a hanci, mai kemis a dama, mai gyaran keke a hagu da baƙin mai a hannu, aka ba mai kemis littafin ya buɗe babi na huɗu. Mata suka tsaya a ƙofofi. Aka ajiye Kaset a gabansu, tsaye.

Mai aski ya yi gyaran murya, ya ɗaure fuska. "Ke ce wadda ake tuhuma? Kin san in kika kuskure kalma ɗaya kin bar makarantar nan har abada? Fara."

Wasa yake yi. Amma da ta ji kalmar har abada, wani abu ya rufe a kanta ƙirƙif. Ta buɗe baki, ba komai. Mutanen da ta sani tun tana rarrafe, waɗanda ta san adadin rigunansu da inda kowace ta yage, suka zama idanuwa kawai. Mai kemis ya ɗan karanto mata kalmar farko a ɓoye. Ta maimaita kalmar, ta tsaya. Yarinyar da ba ta taɓa mantuwa ba ta tsaya a tsakiyar layi minti biyar, ko taken babin ta kasa.

Inna ce ta fito ta ja hannunta, ta harari mai aski. "Ku tashi ku ba mutane wuri. Kai da ko sunanka sai ka duba allon shagonka kake tunawa, kai ne alƙali."

An watse ana 'yar dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kaset ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta jawo littafin, ta rufe shi, babin ya zubo mata tas daga farko har ƙarshe. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Abin yana nan, sai dai ba ya fitowa in ana kallonta da fuskar hukunci, kuma ranar Litinin fuskar hukunci kawai za ta gani.

Ranar Litinin Baba bai buɗe shago ba. Ya goge mata farar riga da siket har sau biyu, ya sa karin da zai iya yanka yatsa, ya saka tasa rigar ta zuwa biki, suka hau mota biyun tare. A bakin ƙofar kwaleji mai gadi ya ce iyaye ba sa shiga sai da takarda. Baba bai yi musu ba. Ya sami wani dutse a gindin katanga, ya shimfiɗa hankici ya zauna.

"Ina nan," ya ce. "Ko me suka ce, ta nan za ki fito."

Ɗakin kwamiti na hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda. Tebur ne dogo da koren ƙyalle, fanka na juyawa a sama tana ƙara kamar tana jin ciwo, agogon bango ya fi kowa surutu. Mutum biyar ne a zaune. A tsakiya shugabar kwamiti, wata dattijuwar malama mai furfura a gaban goshi, Jan Biro a gefenta da littafinsa da takardar gwajin. Ba a ba Kaset kujera ba. Daga inda take tsaye tana hango wata takarda a gaban shugabar, an riga an buga ta da na'ura, da sunanta da lambarta da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma an bar wurin sa hannu. Biro na kwance a kai, an cire masa murfi.

Aka kira wanda ya tsare jarrabawar. Ya ce shi gaskiya bai ga littafi ba, zauren da girma, ita kuma tana can baya. Amma ya lura hannunta na hagu na ta kai da komo a kan tebur tun daga farko har ƙarshe, kamar mai lallaɓa wani abu. Wani daga cikin kwamitin ya rubuta wannan. Kaset ta so ta ce haka hannunta yake yi in tana tuno abu, tun tana jan bargon shagon Baba, amma tsoro ya hana ta.

"Me za ki ce?" in ji shugabar.

"Haddacewa na yi, ranki ya daɗe." Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

"Shafi shida."

"Littafin duka."

Wani mai ƙiba a ƙarshen tebur ya yi dariya ta hanci. Shugabar ba ta yi ba. Ta jingina da kujera ta harɗe hannu. "To abin ya zo da sauƙi. Babi na huɗu. Muna ji."

Abin da ya faru a layi ya sake faruwa, sai dai nan ba Inna. Kan ya rufe. Ta laluba ciki, abin da ta samu kawai kayan da ke rataye a shago a wannan makon: farar riga biyu na mai kemis, labulen matar mai gida, wandon makaranta mai facin gwiwa. Har ta ji suna hawowa maƙogwaronta, ta danne su da ƙyar. Agogo ya ci minti ɗaya, ya shiga na biyu. Ta tuna Baba a kan dutse, da yadda za ta fito ta ƙofar nan, da hoton rajistarta da ta rufe ido ɗaya a ciki, wanda shi za a liƙa a bayan gilashi.

Shugabar ta duba agogon hannunta, ta jawo takardar kusa.

"Kada mu ɓata lokaci," in ji Jan Biro. "Ranki ya daɗe, riƙe takardarta ki bi da ido, ni zan karanta daga littafi, kwamiti ya ji da kunnensa."

Ya buɗe ya fara, da muryar nan tasa ta lasifika. Ya yi sakin layi ɗaya, ya shiga na biyu. Akwai layuka biyu a wurin da suka fara da kalma iri ɗaya, idonsa ya tsallake daga na sama ya faɗa na ƙasa, ya ci gaba abinsa.

"Ka tsallake layi, malam."

Kowa ya ɗago. Ita ma ta firgita, don ba ita ta aiki bakin ba.

"Me kika ce?"

"Bayan 'ya kamata malami ya sani' ba 'ya kamata ya jira' ba ne. 'Ya kamata malami ya sani cewa yaron da ke cikin fargaba ba ya iya fito da abin da ya sani, ko da ya san shi sarai.' Sannan 'ya kamata ya jira har hankalin yaron ya kwanta, ya zaunar da shi, ya kawar da duk abin da ke nuna hukunci daga gabansa, kafin ya yi masa tambaya.'"

Shugabar ta sa yatsa a takardar gwajin, ta leƙa littafin da ke hannun Jan Biro. Sai ta yi wa Kaset alama da biro ta ci gaba.

Ai kuwa an taɓo ta. Hannun hagu ya sauka a kan koren ƙyallen yana shafa shi gaba da baya, magana na zuba. Hawaye na bin kumatu ba ta ma sani ba, amma ko wasali bai faɗi ba. Ta gama shafi na farko ta ce, "Shafi na talatin da tara," ta shiga na gaba. Mai ƙibar ya karɓi littafin ya buɗe can wajen ƙarshe, ya karanto rabin jimla daga babi na tara don ya kama ta. Ta ƙarasa masa, ta ƙara da cewa a wurin an buga wata kalma sau biyu. Ya duba, ya rufe littafin a hankali ya tura shi gefe kamar mai zafi.

Shugabar ta mayar wa biro murfinsa. Ta ɗauki takardar korar nan ta kifa ta.

"Ba sata a nan," ta ce. "Ba kora. Amma makin gwajin ba zai tsaya ba, za ki sake shi, kuma wannan karon da maganarki. Kin ji?"

Kaset ta gyaɗa kai. So take kawai a ce ta tafi, ta sauka matakalar nan ta isa gindin katanga.

Jan Biro bai gama ba. Mutum ne da ba ya son a tashi taro maganarsa na ƙasa.

"Na yarda ba ta shigo da littafi ba," ya ce. "Amma ranki ya daɗe, wannan ba karatu ba ne. Malama za ta zama, yaran mutane za a damƙa mata. Ni ina shakkar ko jimla ɗaya ta fahimta a cikin abin da ta zubo." Ya juyo ya dube ta ta saman tabarau. "Faɗa mana da bakinki, ba da nawa ba. A ganinki, me babin nan yake cewa?"

Ga tambayar nan ta zo, kuma ba ƙaton da za a ɓuya a bayansa. Ta dubi fuskoki biyar, ta dubi takardar da aka kifa, ta dubi kujerar da ke jingine a bango ba kowa a kai tun shigowarta. Ta share fuska da gefen mayafi.

"Cewa yake kada a tsoratar da yaro sannan a tambaye shi, malam. A ba shi wurin zama, a ɗauke bulala daga gabansa." Ta nuna takardar da aka kifa. "Ni awa guda ke nan ina tsaye, takardar korata na kallona, biro a buɗe. Ni dai an ce haddacewa na yi ban fahimta ba. Ku da kuka fahimta fa?"